Fitila Kafin Mutum

Shekarun baya, tun gwiwoyina ba su fara yi mini gardama ba, na yi wata uku a Dubai. Wankan jego ne ya kai ni. Surukata ta haihu, ita kuma mahaifiyarta ta rasu tun tana makaranta, sai ɗana ya aiko da biza da tikiti ta hannun ƙanwarsa. Na ɗaure kayana: kanwa, yajin jego, daddawa, kuka, da busasshen ganyen darbejiya leda biyu cif. Da muka fito daga filin jirgi, abin da idona ya fara sauka a kai a bakin titi bishiyar darbejiya ce, shar da ita. Ban gaya wa kowa abin da ke cikin jakata ba.

Kun ji na ce ta hannun ƙanwarsa ya aiko. Shi ne ɗana na fari. A ƙauyenmu, can ƙasar Bauchi, mace ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta zama hira da shi, ba ta nuna ta damu da shi a gaban mutane. Da aka yaye shi kakarsa ta ɗauke shi, a ɗakinta ya girma. In na ga ya faɗi ya ƙuje gwiwa, sai in kau da kai in ce wa wata ta duba yaron nan. Haka na tarar ana yi, haka na yi. Har ya gama jami'a ya zama injiniya, maganar da ke shiga tsakaninmu ba ta wuce ina kwana, lafiya lau, Allah ya yi albarka. In ina da saƙo sai in ba ƙanwarsa. Shi ma haka.

To ga ni yau a gidansa, fulat mai ɗaki biyu a hawa na tara a unguwar Al Nahda, babu tsakar gida, babu zaure, babu ƙanwa. In ya shigo falo sai in tuna ina da aiki a kicin. In ya shigo kicin shan ruwa sai in tsaya ina kallon tukunya kamar yau na fara ganin irinta. Surukata tana kallonmu tana cin dariya. Ita 'yar Kaduna ce, ma'aikaciyar jinya, bakinta ba ya ajiye magana.

"Inna, ku da shi kamar masu wasan ɓuya. Gidan nan fa bai kai girman da za a ɓuya ba."

Na ce, "Ke dai sha kununki."

Jaririyar mace ce, sunana aka sa mata. Don haka su biyun ba sa iya kiran sunanta, suna ce mata Ummi. Ni kuwa Takwara nake ce mata.

Abin da ya fara ba ni mamaki a garin nan ruwa ne. Lokacin zafi na je. Famfon da aka ce na sanyi ne, shi ke ƙona hannu, saboda tankin yana can saman bene rana na dukansa tun safe. Ni da na saba sai an sauke itace amalanke guda kafin a fara maganar wankan jego, sai ga ruwan zafi na zuba ba wanda ya hura wuta. Duk da haka sai na ƙara tafasa tukunya ɗaya in juye a bokiti, don ni ban yarda da zafin da ban ga tafasarsa ba. Surukata ta sa yatsa ta janye.

"Inna, mutum ce ni fa, ba kaza ba. Fige ni za ki yi?"

Muka yi ciniki. Ta yarda da ganye, na yarda da sirki. Kanwar kunu ma sai da ta rage mini ita, wai a asibiti sun hana yawa. Na ce to, ku ne masu karatu.

Abin kunya na farko da na yi shi ne na turare. Ranar suna na hura gawayi a kasko, na zuba turaren wuta mai kyau, na zagaya ɗaki da falo yadda ake yi. Ashe wani farin abu mai kamar murfin kwano da ke manne a silin yana jin hayaƙi. Ya kwarma ihu, Takwara ta taya shi. Kafin in gane daga ina ƙarar take, maigadin benen, wani ɗan Indiya mai ladabi, ya hawo yana haki. Na buɗe ƙofa na ɓoye kaskon a bayana. Hayaƙi na tashi ta saman kaina, ni kuma ina ce masa lafiya lau. Ya riƙe baki ya ce, "Mama, shwaiya shwaiya," wato kaɗan-kaɗan. Tun daga ranar in muka haɗu a lif sai ya shaƙi iska ya ɗaga mini babban yatsa.

Muna cikin sati na biyar, wata ranar la'asar, ɗana ya dawo daga aiki da wuri. Ina zaune a ƙasa a ɗakin da suka ba ni ina ninke kayan Takwara. Ya tsuguna a bakin ƙofa, ya gaishe ni, bai tashi ba. Na san akwai magana.

Ya ce, "Inna, an ba ni aiki a ƙasar Kenya. Wuri ne da ake samar da wutar lantarki daga zafin da ke ƙarƙashin ƙasa. Ana haƙa rijiyoyi masu zurfi sosai, tururi ya fito, da shi ake yin wutar. A ɓangaren haƙar suke so na. Tun ina makaranta nake son irin aikin nan. Sun ba ni kwana goma in ba su amsa."

Ya turo kwamfutarsa a kan kafet ta iso gabana, don ba zai miƙo mini hannu da hannu ba. Na duba. Ga wani farin hayaƙi yana tashi daga ƙasa kamar gajimare. Ga mutum uku da hular kwano. Kowannensu da ɗamara a ƙirji da ƙugu, da igiya a ɗaure a bayansa.

Igiyar nan kawai na gani. Ban ƙara ganin komai ba.

Lokacin da zai taho Dubai, ta bayan ƙyaure na ce masa Allah ya yi albarka, ya ba da sa'a, ya tsare. Wannan addu'ar yake jira a wannan ranar ma. Na buɗe baki ta ƙi fitowa. Na tattara kayan da nake ninkewa, na raɓa ta gefensa na shige kicin. Na daɗe a tsaye ina wanke kofi ɗaya.

Sai na koma baya kaɗan, don ku san abin da igiya take a wurina.

Mahaifinsa, Allah ya jiƙansa, ginin rijiya ne sana'arsa. Shi da yayana suke yi, a wurin aikin ma suka saba har aka yi aurenmu. Suna da ƙa'ida ɗaya da suka gada. Kafin mutum ya shiga rijiya, musamman tsohuwar rijiya da za a yashe, sai an kunna fitilar ƙwai an ɗaura mata igiya an zura ta har ƙasa. In ta ci gaba da ci, mutum ya shiga. In ta yi ja ta mutu, to akwai mugun iska a ciki, ranar ba aiki. Sai a yi ta zura ganye ana jawowa, ana kaɗa iskar, har fitila ta yarda. Fitila kafin mutum, haka suke cewa.

Ina da cikinsa wata bakwai aka kira su yasar wata rijiya a wani ƙauye kusa da mu. Maigidana zazzaɓi ya kwantar da shi, yayana ya tafi da wani abokin aikinsu. Sun manta fitila a gida. Masu rijiya suna sauri, dabbobi na jiran ruwa, abokin ya ce ai bara ma shi ya yashe ta, ya ɗaura igiya ya sauka. Aka ji shiru. Aka ja igiya aka ji ta saƙale. Yayana bai tsaya ɗaura tasa ba, ya bi matakala ya sauka ɗauko shi. Shi ma aka ji shiru. Da yamma aka kawo su su biyu a amalanke, ba ƙwarzane ko ɗaya a jikinsu, kamar masu barci.

Maigidana ya ci gaba da sana'arsa har ƙarfinsa ya ƙare, ciwo ne ya ɗauke shi a kan gadonsa. Amma shekara ashirin da wani abu, duk safiyar da ya saɓa igiya a kafaɗa, ni ke goge ƙwan fitilar in zuba kananzir in miƙa masa. Da yaron nan ya shiga makarantar boko na ce alhamdulillahi, an raba jinina da rami. Shi ya sa ma da aka buɗe ajin yaƙi da jahilci na shiga da girmana, ina so in riƙa karanta sakamakonsa da kaina ba tare da na tambayi kowa ba, kada a ce na damu da shi.

To yau ga shi ya yi karatun, ya hau jirgi, ya zo garin da ko daƙiƙa ɗaya ba a ɗauke wuta, sannan ya tsuguna yana gaya mini rami zai koma. Ramin ma mai wuta a ciki.

Wata uwar da sai ta ce, zo nan, gaya mini, shiga za ka yi? Tambaya ɗaya ce. Ni kuwa in na yi ta, na nuna ina tsoro, in na nuna ina tsoro na nuna ina so. Shekara talatin da ɗoriya ban yi ba, ban san ta inda ake farawa ba. Sai na yi abin da na iya. Na yi shiru. Ina yi wa surukata wanka, ina dama kunu, ina goya Takwara ina zagaya falo. Ta taga ina kallon motocin da ke komawa Sharja da yamma, jere kamar tururuwa, ina ta addu'a a cikina. Abinci ya daina shiga. Shi ma ya daina zama falo. In ya gaishe ni kansa a ƙasa, in amsa kaina a ƙasa.

Ana saura kwana uku, ina matse ganye a bokiti, surukata ta ce, "Inna, in yi magana?"

Na ce, "Yaushe kika fara neman izini?"

Ba ta yi dariya ba. Ta ce, "Ya rubuta musu takarda cewa ba zai zo ba. Ranar Litinin zai tura. Ya ce ƙasar da ba ki sa wa albarka ba, ba ya taka ta."

Na ce, "Ni na ce kada ya je?"

"Ba ki ce ya je ba."

Na ci gaba da matse ganyen da ya riga ya matsu.

Ta ce, "Shi a ganinsa Dubai ce ba kya so ya bari. Wai za ki ce ya samu wuri mai kyau, albashi na shiga, zai kwashe iyali ya kai su daji. Inna, shekara biyu yana neman aikin nan. Sau uku suna yi masa tambayoyi. Ranar da suka kira shi, a nan falon ya yi sujada. In akwai abin da kike gani, ki faɗa masa. In kuma haka nan ne, to shi ke nan, mun haƙura."

Na ce a hankali, "Ni ina ruwana da Dubai? Garin da ba a turare."

"To mene ne?"

Na so in gaya mata. Amma na san bakinta, kafin in rufe nawa ta kai masa, ta ƙara gishiri. Kuma wannan ba saƙon da ake aikawa ba ne. Na ce, "Ruwanki na hucewa."

Ta dube ni ta dube ni. Sannan ta ce, "Jibi muke arba'in. Ya ce zai kai mu Hatta, can wajen duwatsu, mu sha iska. Kada ki ce gwiwa."

Ranar Lahadi muka kama hanya da sassafe. Shi ke tuƙi, ita a gaba, ni a baya da Takwara a kujerarta. Muka bar dogayen gine-gine, muka shiga yashi ja, daga nan duwatsu suka fara tasowa, baƙaƙe, tsirara, ko ciyawa babu. Can sai ga gonakin dabino, sai ga ruwa kore shar a tsakanin duwatsu, an tare shi da madatsa. Mutane na ta hawa ƙananan kwale-kwale. Ya sami inuwa ya tsaya.

Surukata ta ciro Takwara ta ɗora mini a cinya. Ta ce, "Bari in nemo mana shayi. Layin da tsawo, zan daɗe." Ta dubi mijinta. "Kai kuma kada ka kashe esi, kada ka fito, rana za ta taɓa Ummi." Ta rufe ƙofa ta tafi abinta, tana tafiya a hankali kamar wadda aka biya.

Muka zauna. Shi yana kallon gilashin gaba, ni ina kallon ƙeyarsa. Rabon da in kalli ƙeyar nan da kyau tun tana da tabon kitson da kakarsa ta yi masa da wasa. Na ga har furfura ɗaya ta fito. Takwara ta buɗe ido tana kallona, tana tura harshe.

Ban shirya ba, sai ji na yi ina cewa, "Takwara."

Ta ƙyafta ido.

"Takwara, tambayi babanki. Ramin nan da zai je, mutum nawa ke riƙe masa igiya in ya sauka?"

Na ga kafaɗunsa sun motsa. Bai juyo ba, Allah ya yi masa albarka, ya gane. Ya gyara murya.

"Ummi, gaya wa Inna ba a sauka. Ba wanda ke shiga."

"Takwara, ce masa na ga igiya a ƙugunsu. Ni ba a yi mini bayanin igiya."

"Ummi, ce mata igiyar ta hawa sama ce. Injin haƙar yana da hasumiya doguwa, wanda zai hau sai ya ɗaura, don kada ya faɗo. Ramin kuwa bakinsa bai fi faifai ba. Ko ke ba za a zura ki ba, balle ni da tumbina. Kamar burtsatse ce, irin ta ƙofar gidan mai unguwa, sai dai ta fi ta zurfi nesa ba kusa ba."

Jama'a, burtsatsen nan da ita nake alwala kullum. A gabana aka haƙa ta, ina cikin matan da suka kai wa masu aikin kunu. Ban ga wanda ya shiga ba. Amma kwana tara tsoro ya rufe mini ido, ko sau ɗaya ba ta faɗo mini a rai ba. Na ji kunya ta kama ni har kunnuwana. Na gyara wa Takwara hular da ba ta karkace ba.

Da na samu bakin magana sai tambayoyi suka yi ta zuwa. Na ce wa Takwara ta tambaye shi wa ke hura wutar a ƙasa. Ya ce ba kowa, haka Allah ya halicci cikin ƙasa da zafi, a wasu wurare zafin yana can nesa, a wasu kuma ya matso kusa, kamar inda za shi. Ruwan sama yana tsiyaya ta tsagar duwatsu shekara da shekaru, ya tarar da dutse mai zafi, ya yi zafin da ya wuce tafasa, amma nauyin ƙasa ya danne shi. In aka huda aka sa bututun ƙarfe, sai ya taso da ƙarfinsa.

"Ummi, Inna ta san madambaci. Ruwa na tafasa a tukunyar ƙasa, tururi na bi ta huji yana hawa. To mu maimakon ya dafa dambu, sai mu bi da shi ta bututu ya je ya bugi farfelar wani babban inji. Farfela ta juya, ta juya janareto, wuta ta samu. Ruwan kuma a mayar da shi ƙasa ta wani ramin, ya sake zafi ya dawo."

Na ce, "Ba man fetur?"

Na manta ban bi ta kan Takwara ba. Shi ma ya manta.

"Babu, Inna. Ba gas, ba dizal. Dare da rana, damina da rani. Rana tana faɗuwa, iska tana tsayawa, wannan ba ya tsayawa."

Sai na tuna ruwan Wikki. Malamarmu ta yaƙi da jahilci ta taɓa kai mu Yankari a mota ɗaya, muka sa ƙafa a ruwan nan mai ɗumi da ke fitowa daga gindin dutse. Muka yi ta gardama a kan wa ke ɗumama shi, wata tsohuwa ta rantse aljanu ne ke girki. Na gaya masa. Ya yi dariya, irin dariyar mahaifinsa sak, ban taɓa sanin yana da ita ba. Ya ce ai dangin abu ɗaya ne, sai dai namu ɗumi ne kawai, ba a san ko zai kai a yi wuta da shi ba sai an bincika sosai. Ya ce, "Shi ya sa nake so in iya aikin, Inna. In wata rana aka tashi bincikawa, a samu ɗan gida da ya sani."

Na juya maganar a raina. Hankalina ya kwanta rabi. Rabin da ya rage shi ne na asali. Na ɗaga Takwara na kwantar da ita a kafaɗa, don kada in ga idon kowa.

"Abin da ke fitowa daga ƙasa ba ruwa kaɗai ba ne. Akwai iska."

Na ji daɗi da bai yi saurin cewa babu ba.

Ya ce, "Akwai. Tana warin ruɓaɓɓen ƙwai. In ta yi yawa ma hanci ya daina jin ta, a nan take kisa. Ta fi taruwa a wuri mai kwari, inda iska ba ta kaɗawa."

"Na san ta," na ce. "Ita ta ɗauki kawunka."

Ya san kawunsa a rijiya ya rasu, amma a zatonsa faɗawa ya yi. Ba wanda ya taɓa ba shi labarin, ni da ya kamata in ba shi ba ma hira. A motar nan na ba shi, tun daga fitilar da aka manta har amalanken. Ina yi ina kallon ruwan madatsar. Ya sa hannu biyu a sitiyari ya sunkuyar da kai.

Da na gama na ce, "To ku ina fitilarku?"

Ya buɗe aljihun mota ya ciro wani abu rawaya, bai kai tafin hannu ba, da maƙali a bayansa. Ya ce ko a aikinsa na nan suna amfani da shi in sun je wuraren haƙar mai. Ana maƙala shi a ƙirji, kusa da hanci. In mugun iskar ta taso, ko kaɗan ce, sai ya yi ta ihu yana walƙiya, kowa ya bar wurin ya nufi inda iska ke busowa.

"Irin na silin ɗin nan ne, Inna. Wanda ya tona miki asiri ranar suna."

Na ce, "Takwara, gaya wa babanki ba na son rashin kunya."

Ya miƙo shi ta baya. Na karɓa, hannu da hannu. Ba shi da nauyi, ko ƙwan da za a goge babu. Na juya shi na juya shi.

Na ce, "Abu biyu zan faɗa. Duk saurin da ake yi, ko wa ke jira, ba ka taka wurin sai da wannan a ƙirjinka, kuma sai ka tabbatar yana ci. Na biyu, in wani ya faɗi, ko abokinka ne na rai, ba ka bin sa haka nan. Ka tsaya ka shirya tukuna. Kawunka mutumin kirki ne, kirkin ne ya sa bai tsaya ba."

Ya ce, "Wallahi Inna, abin da ake koya mana ke nan a aji. Har jarrabawa ake yi a kai."

"Mu ba a aji muka koya ba."

Sannan na faɗi abin da ya maƙale kwana tara. Na ce Allah ya yi albarka, ya ba da sa'a, ya tsare gaba da baya, ya sa jama'a su amfana. Wannan karon ba ƙyaure a tsakani, sai kujerar mota. Ya ce amin. Ya ciro waya, na ga ya goge wani dogon rubutu, ya fara wani.

Sai ga surukata da kofi uku, shayin ya huce sarai. Ta leƙo ta dube shi, ta dube ni, ta dubi abin rawayan a hannuna.

Ta ce, "Halas? An gama?"

Na ce, "Layin ya yi tsawo ƙwarai."

"Sosai, Inna. Mutum biyu ne a gabana." Ta shiga ta ja ƙofa. "Yalla, mu je, direba, a kai mu mu ga dabino."

Bayan wata biyu ya tafi, su kuma suka bi shi daga baya. Ni na koma gida da ledar darbejiya ɗaya da ban taɓa ba. Yana can har yanzu. Ya turo mini hotuna, bututu kamar macizai a kan tudu, farin tururi na tashi, har da raƙuman dawa suna kiwo a gefe. A kowane hoto abin da nake fara nema shi ne ɗan rawayan nan a ƙirjinsa.

Ba zan ce muku na bar kunya ba. Har gobe ban kira sunansa ba, kuma ba na jin zan kira, bakina bai saba ba. Ba na kuma zagin waɗanda suka koya mana, suna da dalilinsu. Abin da ke dawo mini kawai shi ne, saura kwana ɗaya yaron nan ya ajiye abin da ya yi shekara biyu yana nema, saboda tambayar da ba ta fi numfashi ɗaya ba. Da ya ajiye, ba zai taɓa gaya mini abin da ya rasa ba, ni ma ba zan taɓa gaya masa dalili ba. Da mun ci gaba da ina kwana, lafiya lau, kowa na ganin ya kyauta wa ɗan'uwansa.

Duk Juma'a suna kira a bidiyo. Shekarun farko ta bakin Takwara muke yi, a ɗora ta gaban waya in ce ta tambayi babanta, shi ma ya ce ta gaya mini. To yanzu ta yi baki, bakin uwarta ta ɗauko. Kwanaki na ce, "Takwara, tambayi babanki..." sai ta katse ni.

"Kaka, ga shi nan fa a zaune. Ni na gaji da aike, ba a biyana."

Ta tura masa wayar ta gudu. Fuskarsa ta cika gilashin, furfurar ta ƙaru. Muka kalli juna, ba inda za a ɓuya.

Na ce, "Fitila na ci?"

Ya ce, "Tana ci, Inna."